Tsakanin Rediyon Iyayenmu da Kunnuwanmu

'Yan'uwa ɗalibai, babu rigimar da ta fi daɗewa a ɗakunan kwananmu kamar rigimar ƙarar kiɗa. Kowane zangon karatu, da zarar jarrabawa ta ƙarato, sai a fara cacar baki tsakanin mai son nazari da mai son sauraro. Wannan ya ce an hana shi karatu, wancan ya ce ai shi ma kuɗin ɗaki ya biya. Daga nan sai magana ta kai ga shugabannin ɗakunan kwana, ƙarshenta a liƙa sanarwa cewa za a ƙwace duk wani rediyo mai lasifika da aka samu. A yi mako biyu tsit, sa'an nan a koma gidan jiya. Mu a ganinmu ƙwace ba ta taɓa kashe wannan wuta ba, don kuwa ba ta raba saurayi da son kiɗa, sai dai ta koya masa ɓoye kayansa a ƙarƙashin gado. Abin da zai kashe ta wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, watau adaftar da ke haɗa hedifon da rediyon ɗaki, da kuma wayar da ke biye da ita.

Mun sani wasu za su ce wannan magana ta yi ƙanƙanta a mujallar Ƙungiyar Ɗalibai, alhali ga kuɗin makaranta, ga matsalar ruwa da wuta. Gaskiyarsu, waɗannan sun fi girma. Amma fa wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. Mutum huɗu ko shida da ke kwana a ɗaki guda, in ba su iya daidaita al'amarin ƙara a tsakaninsu ba, da wuya su haɗa kai a kan abin da ya fi wannan. Bugu da ƙari, abin kunya ne a ce ɗan jami'a, wanda ke karanta kimiyya ko lauya, ya shiga kasuwa sau uku yana sayen abu guda, kowane karo ya dawo da wanda ba ya aiki, ya kuma rasa dalili.

Da yawa daga cikin injinan da ke ɗakunanmu sun girme mu nesa ba kusa ba. Sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji a 1975, kayan kiɗa na daga cikin abubuwan da aka fi rububin saye, kuma a shekarun da suka biyo baya ne Kenwood da Pioneer da Sansui da Akai suka sami wurin zama a falon ma'aikata, ana lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura. Wannan akwati da ya haɗa rediyo da amfilifaya wuri guda shi masu gyara ke kira risiba. Wasunmu sun gaje shi daga gida, wasu kuwa sun saye shi cikin kayan gwanjo a Sabon Gari ko a hannun masu kawo kaya daga Alaba. Ko ta wace hanya ya zo, in ka duba fuskarsa za ka ga wani rami mai faɗi an rubuta Phones a kansa. In ka ɗauko hedifon ɗinka na yau ka zura, sai ka ga fulogin yana lilo a ciki kamar muciya a babbar tukunya.

Dalilin wannan saɓani tsohon tarihi ne. Faɗin babban fulogin milimita 6.35 ne, watau rubu'in inci, kuma asalinsa daga ofisoshin tarho ne na ƙarshen shekarun 1870, inda ma'aikata ke zura waya a rami su cire da hannu domin haɗa mai kira da wanda ake kira. An yi shi ne don hannu ya kama shi da kyau, ya kuma jure zurawa da cirewa dare da rana. Da John Koss ya fito da hedifon na sitiriyo a Amurka a 1958, sai masu ƙera kayan kiɗan gida suka tsaya a kan wannan girma. Ƙaramin kuwa, mai milimita 3.5, ya fito ne a shekarun 1950 domin ƙananan rediyoyin tiransista, amma bai mamaye duniya ba sai da kamfanin Sony ya fitar da Walkman a 1979. Tun daga nan kayan aljihu suka bi ƙarami, kayan falo da na ɗakin ɗaukar murya suka tsaya a kan babba. Saboda haka abin da ɗalibi ke bukata shi ne adafta mai babban kai na 6.35 wanda zai shiga risiba, da ƙaramin rami na 3.5 a bayanta wanda hedifon zai shiga. Wannan kowa ya sani. Inda ake faɗuwa yana gaba.

Kafin ka miƙa kuɗi, ɗaga adaftar ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfenta. Waɗannan zobba ba ado ba ne, roba ce da ke raba ƙarfen gida-gida domin kada saƙon wani gida ya shiga na wani. Fulogin sitiriyo zobe 2 gare shi, don haka gidajensa 3 ne: tsinin yana ɗauke da sautin kunnen hagu, na tsakiya yana ɗauke da na dama, gindin kuwa shi ne hanyar komawa da su biyun suke tarayya a kanta. Mai zobe 1 na mono ne, irin wanda ake sa wa jita ko makirufo, kuma a tiren mai kaya ana zuba su wuri guda da na sitiriyo, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. In ka sayi na mono ka zura, dogon gindinsa zai haɗe hanyar kunnen dama da hanyar komawa, sautin dama ya salwanta gaba ɗaya. Ko dai kunne ɗaya ya yi shiru, ko kuwa ka riƙa jin sautin hagu a kunnuwa biyu kana tsammanin sitiriyo kake ji. Tsofaffin risibobi galibi suna jure wannan, amma ba kowane inji ne ke son a toshe masa hanya haka ba, kuma babu dalilin gwada haƙurinsa.

Sai kuma a juyo ga fulogin hedifon ɗin kansa, don nan ne yawancinmu ke shan mamaki. Iyafis ɗin da ake sayarwa domin wayar hannu zobe 3 gare shi, gida 4, domin an ƙara masa hanyar makirufo. A tsarin da yawancin wayoyi ke bi, hanyar komawa tana gida na uku, makirufo kuma yana gindi. Tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson sun bi akasin haka. To, ramin adafta ta gida 3 bai san da wannan ƙari ba. In aka yi rashin sa'a harshen da ke cikinta ya sauka a kan gidan makirufo maimakon gidan komawa, sai ka ji wani abin al'ajabi: kiɗa na tashi sama-sama kamar daga cikin rijiya, muryar mawaƙi kuwa ta ɓace. Dalili shi ne, in hanyar komawa ta yanke, abin da ke isa kunne shi ne bambancin da ke tsakanin hagu da dama kawai, muryar mawaƙi kuwa yawanci daidai take a ɓangarorin biyu, sai ta soke kanta. In kaset ɗin na mono ne, kamar da yawa daga cikin tsofaffin kaset-kaset na Shata ko Ɗanmaraya, kusan komai ne zai tafi, da kalangun da kuntigin. Ga gwaji mai sauƙi: danna maɓallin amsa kira da ke jikin wayar iyafis ɗin ka riƙe. In murya ta dawo, to ka kama ɓarawon. Rediyon lafiyarsa lau, iyafis ɗin ma haka, adaftar ce ba ta dace da shi ba. Mun sha ganin an ɗauki risiba mai nauyin kilo goma an kai wa mai gyara a kan wannan, an biya kuɗin mota da na dubawa. Magani shi ne a je kasuwa da iyafis ɗin a gwada a gaban mai kaya, ko kuwa, wanda ya fi, a nemi hedifon mai zobe 2 a keɓe shi domin rediyo.

Akwai wani ruɗanin a wajen waya mai rassa biyu. Iri ɗaya an yi ta ne domin mutum biyu su saurari abu guda, ɗayar kuwa domin ta raba sauti da makirufo a kan kwamfuta, kuma sau da yawa ana gane ta da launin kore da ruwan hoda ko da ɗan hoton makirufo a reshe guda. Wanda ya sayi ta biyun don shi da abokinsa, abokin ba zai ji komai ba.

Game da siffar adaftar, mun fi son guntuwa mai jikin ƙarfe, wadda in ka zura fulogi za ka ji ya kama da ɗan ƙas, in ka juya shi kuma sauti bai yanke ba. Wasu hedifon na aiki, irin su Sony MDR-7506 da Beyerdynamic DT 770, suna zuwa da tasu adaftar mai zare wadda ake murɗawa, kuma wanda ya sayi irinsu na hannu ya tambayi wannan ɗan ƙarfe tun kafin a gama ciniki. Amma in al'amarin ya juya, watau hedifon ɗin ne mai babban kai kana son sa shi a ƙaramin ramin kwamfuta, to guji guntuwar adafta. Nauyin babban fulogi a kanta yakan zama kamar an sa ƙarfen ɓanɓare ƙusa a ramin, rana ɗaya gwiwa ta buge shi ramin ya tsage daga ciki. A nan sai mai 'yar gajeruwar waya a tsakani.

Yanzu bari mu zo ga inda kuɗin ɗalibi ke zurarewa a banza. Za ka ga waya a cikin kwali mai ƙyalli, an rubuta cewa kanta na zinariya ne, jan ƙarfenta kuma tsarkakakke, kuɗinta ya ninka na 'yar'uwarta sau da yawa. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce. Zinariya ba ta tsatsa, wannan amfani ne a ƙasar da damina ke jiƙa iska, hunturu kuma ya cika ko'ina da ƙura. Amma wajen ɗaukar lantarki jan ƙarfe ya fi zinariya, azurfa kuma ta fi su duka, sa'an nan shafen da ake yi wa fulogi bai kai kaurin fatar albasa ba. Ga lissafin da ya kamata ya kwantar da hankalin kowa. Waya ta jan ƙarfe mai matsakaicin kauri, tsawon mita 3, turjiyarta zuwa da dawowa ba ta kai om 1 ba. Ramin hedifon na yawancin tsofaffin risibobi kuwa daga hanyar lasifika aka jawo shi, aka sa rizista mai om ɗari biyu zuwa ɗari huɗu da wani abu a tsakani domin ta rage ƙarfin. Wanda sautinsa ya riga ya ratsa om 330 a cikin akwatin, ina abin da rabin om na waya zai ƙara masa ko ya rage? Duk mai cewa ya ji bambanci, a rufe masa ido a sauya wayoyin sau goma, a ga ko zai faɗi daidai.

Ba muna cewa kowace waya daidai take da kowace ba. Akwai marasa kyau, amma laifinsu a bayyane yake, ba ya bukatar kunnen gwani. Wata in ka feɗe ta ka kankare sai ka ga fari a ƙarƙashin jan, watau alminiyam ne aka yi wa shafe, kuma irin wannan saurin karyewa gare ta, ba ta kuma kama dalma da kyau. Wata ma ƙarfe ce zalla, maganaɗisu na jan ta. Waya kuwa kusan kullum a wuya take mutuwa, daidai inda ta shiga fulogi, don haka a duba ko akwai roba mai lanƙwasa ko ɗan sifirin da ke tallafe wurin. Mu dai da za a bi shawararmu, da an fifita fulogin da ake kwancewa a kan wanda aka narka roba aka rufe. Na farkon in ya yanke, mai gyaran rediyo zai liƙe shi da dalma cikin minti biyar. Na biyun kuwa sai bola. Tsawo kuma a auna shi daga teburi zuwa gado, a ƙara kaɗan. Waya mai mita 10 a ɗakin mutum shida tarko ce, kuma ranar da wani ya yi tuntuɓe da ita cikin duhu, risibar ce za ta biyo shi ƙasa.

Wannan rizista da muka ambata tana da wani tasiri da ya fi na kowace waya, kuma ba a cika maganarsa ba. An sa ta ne a zamanin da hedifon da yawa ke da turjiya mai yawa. Sennheiser HD 414 na 1968, alal misali, om 2,000 gare shi. Na yau kuwa yawanci om 16 ne zuwa 32. In rizistar om 330 ce, hedifon mai om 32 ba ya samun ko kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da ya fito, mai om 250 kuwa yana samun fiye da kashi huɗu cikin goma. Ƙarancin ba shi ne abin damuwa ba, tun da amfilifayar tana da ƙarfi har ya yi yawa. Abin da ke faruwa shi ne, turjiyar hedifon ba ɗaya take ba a kowane amo, takan hau a wajen amo mai kauri, saboda haka sai kaurin ya kumbura ya danne sauran, ganga ta rufe murya. Masu sana'ar sauti suna da ƙa'idar da suke bi, cewa turjiyar ramin kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Tsohuwar risiba da iyafis na waya sun yi hannun riga da wannan ƙa'ida. Babu adaftar da za ta gyara haka, ko da ta lu'ulu'u ce. Wanda ke da hali ya nemi hedifon mai om 250 ko sama, zai ji yadda tsohon injin ya san aikinsa. Wanda ba shi da hali ya rage maɓallin Bass, ya kashe na Loudness, ya ci gaba da sauraronsa.

In risibarka ba ta da ramin hedifon sam, muna roƙonka da babbar murya kada ka feɗe waya ka ɗaura a inda ake ɗaura lasifika. Ƙarfin da ke wurin ya isa ya ƙone hedifon, ya kuma yi wa kunne lahani kafin hannu ya kai ga maɓalli. Ban da haka, akwai amfilifayoyin da ba a haɗa baƙaƙen wayoyinsu na hagu da dama, hedifon kuwa a haɗe suke a cikinsa, sai a wayi gari injin ya ƙone. Hanyar da ta dace ita ce ramukan baya masu ja da fari da aka rubuta Tape Out ko Rec Out, ja na dama, fari na hagu. Sai dai sautin da ke fita nan maɓallin ƙara ba ya iko da shi, ba shi kuma da ƙarfin tuƙa hedifon kai tsaye, dole a sa ƙaramar amfilifayar hedifon a tsakani. Haka nan mai son sa waƙoƙin wayarsa a risiba ya bi ta Aux ko Tape In, ya bar ramin Phono, wanda aka yi domin raunanan saƙon allurar garmaho. In ya sa waya a can, abin da zai ji sai ya sa ya zaci lasifikarsa ta yage. Tun da muna bayan akwatin, a duba abin da aka rubuta game da wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma kayan gwanjo ba sa faɗin inda suka fito sai an karanta.

Wasu 'yan'uwa za su ce duk wannan zancen jiya ne, tun da Apple ya cire ramin hedifon daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu, yanzu kuma Bluetooth ake yayi. Lalle ana iya sayen ɗan akwatin Bluetooth mai aikawa a haɗa shi da risiba, kuma ga mai son ya yi wanki yana sauraro wannan dabara ce. Amma sai a tuna abu biyu ne za a riƙa yi wa caji a inda wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, kuma batirin da aka rufe a cikin iyafis in ya mutu, yawanci iyafis ɗin ya mutu ke nan. Fulogin rubu'in inci ya haura shekara 140 yana aiki, ba ya neman caji. A kula kuma, 'yar adaftar USB-C da ake sa wa wayar hannu ba ta da wani amfani a ramin hedifon na risiba, aikinta juya lambobin waya su zama sauti.

Da yake muna kiran mutane su mai da ƙarar daga ɗaki zuwa kunnensu, wajibi ne mu faɗi haɗarin. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da hukumar ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, watau a desibel 92 awa biyu da rabi ne kacal a mako. Risibar da aka ƙera domin ta cika falo ba ta san wannan ba. A mai da maɓallin ƙara ƙasa kafin a zura fulogi, a ɗaga shi sannu a hankali. In na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ko kuwa sai ya taɓa ka kafin ka san yana magana, ka wuce gona da iri. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. A tuna kuma wasu risibobin ba sa kashe lasifika da kansu in an zura hedifon, sai an juya maɓallin Speakers zuwa Off, in ba haka ba mutum na can yana gyaɗa kai, ɗaki kuwa na girgiza.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta sake duba dokar ƙwace. Maimakon ta, a tsai da lokaci, a ce daga ƙarfe goma na dare, da kuma dukan makonnin jarrabawa, babu lasifika sai hedifon. Shagon ƙungiya ya saro adaftoci masu zobe 2 da wayoyin ƙari na mita 3, a gwada kowace ɗaya kafin a baza ta, a sayar a kan kuɗin sari. 'Yan'uwanmu na sashen injiniyan lantarki kuwa, waɗanda kullum ke kukan cewa karatunsu ya tsaya a allo, a ba su teburi guda da ƙarfen dalma da mitar awo a harabar ɗakunan kwana kowace Asabar, daga hantsi zuwa azahar. Muna fatan wakilan ɗakunan kwana za su gabatar da wannan a zaman majalisar ɗalibai mai zuwa, tun kafin a fito da jadawalin jarrabawa.